Kubo na Japan da Kubo na Gidana

Ɗana na fari sunan mahaifina ya ci, saboda haka a gida Abba muke ce masa. Ni ban taɓa kama ainihin sunansa ba, mahaifiyarsa kuwa ko Abban ma ba ta faɗa sai dole, "yaron nan" take cewa. Amma in ka shigo Aboabo a nan Kumasi ka tambayi Abba ɗan mai rigunan ƙwallo, za ka sha yawo. Ka ce Kubo, yanzun nan yaro zai kama hannunka ya kai ka har ƙofar gidanmu. Wannan suna ba a yanka masa rago ba, ba a raba goro ba, ba a kuma shawarce ni ba. Duk da haka ya kusa cinye mini jari, ya kuma sa ni da ɗana muka yi wata bakwai muna gaisawa kamar maƙwabtan da suka yi rigimar katanga.

Sana'ata sayar da kayan wasanni ce, riguna da takalma da safa da ƙwallayen yara, a wani ɗan shago kusa da kasuwar Kejetia. Na fi shekara 20 ina wannan harka, amma ƙwallo ba ta taɓa shiga raina ba, haja ce kawai. Ina gane wanda ke tashe ne daga abin da ake tambaya. An yi zamanin Essien, aka yi na Asamoah Gyan, Messi da Ronaldo suka daɗe suna ciyar da ni, yanzu kuma Kudus ne. Sunan Takefusa Kubo kuwa ban taɓa jin sa ba sai ranar Juma'a, 10 ga Yuni, 2022.

A ranar Ghana ta kara da Japan a birnin Kobe. Japan tana gabanmu da awa tara, don haka wasan da suka buga da dare mu da hantsi muka gan shi, a talabijin ɗin wani maƙwabcina mai sayar da wayoyi. An ci Ghana 4 da 1. Jordan Ayew ne ya ci mana ɗayar. Ƙwallo ta uku ta Japan wani gajeren yaro ne ya zura ta, mai buga da ƙafar hagu, aka ce ita ce ta farko da ya ci wa babbar tawagar ƙasarsa, kwana shida bayan ya cika shekara 21. Muka yi tsaki, muka rufe shaguna, muka tafi masallaci.

Da la'asar, a filin da yaran unguwa ke buga ƙwallo, an raba ƙungiya biyu. Ɗaya ta sa rigunan Black Stars, waɗanda a shagona aka saye su. Abba yana ɗaya ɓangaren, lokacin shekararsa 12, ga shi gajere, ga shi bahago. Ya yanke mutum biyu ya ci masu rigar Ghana, sai wani daga bakin fili ya ƙwalla, "Kai, Kubo!" Da tsiya aka faɗa, amma sunan ya bi shi. Hausawa sun ce suna linzami ne, na kuwa ga haka da idona. Kafin wata ya ƙare, Abba ya san ranar haihuwar mutumin, 4 ga Yuni, 2001, ya san garinsu Kawasaki, ya san tsawonsa mita 1.73. Abin da bai haddace a makarantar allo ba ya haddace a kan ɗan Japan.

A Yulin wannan shekara Kubo ya koma Real Sociedad ta Sifaniya, aka ba shi lamba 14. Abba ya sa ni gaba sai na samo masa rigar, mai ratsin fari da shuɗi. Ban taɓa jin wani ya tambayi rigar wannan ƙungiya ba, amma da na ga yadda yara ke kiran sunan, sai ɗan kasuwar da ke cikina ya motsa. Na sa mai aiko mini da kaya daga Sin ya saka mini dozin ɗaya. Abba ya ɗauki ɗaya, abokansa suka sayi uku. Takwas suna nan a leda har yau. A nan na fara gane cewa kowane suna da kasuwarsa. Sunan da ya cika Japan, a Kumasi bai wuce filin Aboabo ba.

A can kuwa ba ƙaramin suna ba ne. Tun yana ɗan firamare aka gano shi a wani sansanin horo da Barcelona ta shirya a Japan. A 2011, yana da shekara 10, ya shiga La Masia, makarantar da ta raini Messi da Xavi da Iniesta. A wata kaka guda ya ci ƙwallo 74 a wasa 30. Jaridu suka laƙaba masa "Messi na Japan" tun bai fara gemu ba, bidiyonsa ya zaga duniya. Yana ɗan shekara 15 ya zama mafi ƙanƙantar wanda ya taɓa buga wasa a gasar ƙwararru ta Japan, bayan 'yan watanni kuma ya zama mafi ƙanƙantar wanda ya ci ƙwallo a cikinta. A Yunin 2019, yana cika 18, Real Madrid ta ɗauke shi.

Ni da nake kasuwa na san abin da ƙungiyoyin Turai ke gani a irin wannan yaro. Suna ganin ɗan wasa, suna kuma ganin ƙofar kasuwa. In ka sa yaron da ya iya yaren Asante a bakin shagonka, mutanen gari za su fi tsayawa. Haka in ƙungiya tana da ɗan Japan, mutanen Japan za su hana idonsu barci su kalli wasanta, su sayi rigarta. Bayan zuwan Kubo, sunan wani kamfanin Japan ya hau ƙirjin rigar Real Sociedad, kuma a Mayun 2024, ana gama kaka, ƙungiyar ta ɗauki jirgi har Tokyo ta buga wasan sada zumunta. Ba na cewa don kasuwa kaɗai aka saye shi, ya iya ƙwallo. Amma sunansa yana kawo kuɗi ko ranar da bai taɓa ƙwallo ba.

Bayan Babbar Sallar 2024 wani mutum ya fara zuwa bakin filin yaran. Tsaf-tsaf da shi, ga turare, ga mota, ga waya cike da hotunansa da 'yan wasa. Ya yi sati biyu yana ɗaukar bidiyon Abba, sannan ya zo shagona. Ya yi sallama da Hausa mai kyau, ya kira ni Alhaji, ni da ban taɓa taka jirgi ba. Ya ce shi dillalin 'yan wasa ne, yana da hanya a Sifaniya, zai kai Abba gwaji. Kuɗin fasfo da biza da jirgi da masauki dala 4,000, rabi yanzu, rabi ranar tafiya. Da ya ga na yi shiru sai ya ce, "Alhaji, Kubo na gaskiya shekara 10 ya tafi Barcelona. Naka 14. Wallahi ya ma makara."

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, maganar ta shige ni. Kuɗin da ya ambata su ne kusan duk abin da na tara, jarin kayan ƙarshen shekara da ɗan abin da nake ajiyewa da niyyar aikin Hajji. Amma a daren na kwanta ina lissafi kamar wanda aka yi wa tayin kaya a araha. Na ga kaina na gina gida a Jega, na ga ƙannen Abba a makaranta mai tsada, na ga rigar ɗana rataye a shagona ana layi a kanta. Uwar ɗakina ce ta fara tare ni. Ta ce, "Malam, kai da ba ka sayen takalmi dozin ɗaya sai ka buɗe kwali ka duba ɗinki, yaron nan za ka miƙa wa mutumin da ba ka san gidan ubansa ba?"

Washegari na zaunar da Abba. Na ce tunda da labarin Kubo aka zo mini, to ya ba ni labarin daga farko har ƙarshe, kada ya tsallake komai. Ya gyara zama, bakinsa har kunne. Ya kawo Kawasaki, ya kawo Barcelona, ya kawo ƙwallo 74, sai na ji ya faɗa FC Tokyo. Na ce, "Tsaya. Yaro yana Barcelona yana cin ƙwallo haka, me ya mayar da shi Tokyo?" Ya sosa kai ya ce wata 'yar matsalar takarda ce. Duk wanda ya zauna a ƙasar da ba tasa ba ya san babu 'yar matsalar takarda. Kawuna da ya kawo ni Ghana har ya rasu yana ba da labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasar, mutane suka bar shaguna da gidaje suka hau manyan motoci.

Na kira ɗan maƙwabcinmu da ke karatu a jami'a ya bincika mana. Ashe hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tana da doka, sashe na 19 a ƙa'idojinta na sauya sheƙa, da ta hana a ɗauki yaro daga wata ƙasa zuwa wata don ƙwallo sai ya cika 18. Akwai 'yan togaciya. In iyayen yaro sun yi ƙaura saboda wani dalili da ba ƙwallo ba, ko gidansu yana dab da iyaka, ko ɗan shekara 16 ne da ke matsawa tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai. A Afrilun 2014 FIFA ta hukunta Barcelona kan karya wannan doka, ta hana ta sayen 'yan wasa. Ƙungiyar ta ɗaukaka ƙara har kotun wasanni da ke Suwizalan, a Disamba kotu ta tabbatar da hukuncin. Yaran da abin ya shafa aka hana su buga wasan gasa. Kubo yana cikinsu. A 2015, yana da shekara 13, ya tattara ya koma gida. Daga baya irin wannan hukunci ya faɗa kan Real Madrid da Atletico Madrid da Chelsea.

Na daɗe ina juya wannan magana. Barcelona ce fa, da kuɗinta da lauyoyinta, ga yaron da duniya ta riga ta sani, amma ba ta iya riƙe shi ba. To mai turaren nan da wace ƙofa zai shigar da ɗana? Da ya dawo karɓar rabin kuɗi na tambaye shi. Bai ko girgiza ba. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, takarda ai ba matsala ba ce. Da bizar yawon buɗe ido zai shiga. Shekaru kuma ana gyarawa." Na ce wace ƙungiya ce ta gayyace shi, ina wasiƙarta, kuma hukumar ƙwallon Ghana ta san da tafiyar? Ya ce duk wannan sai an biya. Na ce masa abin da nake ce wa mai tayin da bai kai ba. Na ce albarka.

Abba yana bayan kanta yana jin komai. Bai yi magana ba sai da muka isa gida. Ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa ja, ya ce, "Baba, kai ma ai shekara 13 ka bar gida. Wa ya hana ka?" Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba sai ranar. Na ɗaga hannu, sai na sauke, domin gaskiya ya faɗa. Daga nan gidan ya yi sanyi. Zai gaishe ni da safe idonsa a ƙasa, in na aike shi ya je, amma hira ta mutu. Ya daina zuwa shago ranar Asabar. Ya daina nuna mini bidiyo.

A cikin waɗannan watanni na yi ta tunanin tafiyata. A 1991 na hau motar goro daga Jega tare da kawuna. Shekara biyu da zuwanmu ya rasu. Wani babban Alhaji mai harkar goro ya ce ya ɗauke ni, kowa a zango ya riƙa ce mini yaron Alhaji, ina jin daɗi. Amma ban taɓa zama a rumfarsa ba, yaransa sun riga sun cika ta. Ya ba wani aro na, na yi dako. Wannan ya miƙa ni ga mai sayar da yadi, shi kuma ya miƙa ni ga mai gwanjo. Sunan babban gida yana kaina, cikina kuwa wani lokaci da gari da ruwa yake kwana. Sai da na faɗa hannun wani dattijo mai ɗan ƙaramin shago, wanda ba shi da kowa sai ni, sannan na koyi ciniki. Shi ya bar ni da aljihun kuɗi, shi ya bar ni na yi kuskure na gyara.

Da na sa ɗan jami'ar nan ya karanta mini sauran labarin Kubo, sai na ji kamar na san hanyar. Real Madrid ta saye shi, duniya ta ɗauka, amma bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. A Sifaniya ƙungiya ba ta yi wa fiye da mutum uku 'yan wajen Tarayyar Turai rajista, kuma guraben Madrid 'yan Brazil uku sun cike su, Vinicius da Rodrygo da Militao. Takarda ce dai har wa yau. Aka ba da shi aro ga Mallorca. Daga nan Villarreal, inda ya fi zaman benci, har aka katse aron a tsakiyar kaka aka kai shi Getafe. Sai aka sake mayar da shi Mallorca. Shekara uku, aro huɗu. A 2022 Madrid ta sayar da shi ga Real Sociedad a kan kimanin Yuro miliyan 6.5, ta kuma riƙe kaso a cikin kuɗin in an sake sayar da shi. Wannan ciniki ko a Kejetia sai a sara wa wanda ya ƙulla shi.

Na kuma tuna abin da na gani da idona a gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022. Japan ta doke Jamus 2 da 1, ta doke Sifaniya 2 da 1. A duka wasannin da Kubo aka fara, a duka an cire shi a hutun rabin lokaci Japan tana baya, kuma duk ƙwallayen bayan fitarsa aka ci su. Daren wasan Sifaniya a gidan kallo muke, samari suka yi ta yi wa Abba ihu, "An cire Kubo, an huta!" Yaron ya sunkuyar da kai kamar shi aka cire. Wasan da Croatia ta fitar da su a bugun fenariti ma bai buga ba, rashin lafiya ta kwantar da shi. Kafin nan, a gasar Olympics ta Tokyo a 2021, ya ci ƙwallo a duka wasanni uku na rukuni, amma da Mexico ta doke su 3 da 1 a wasan neman tagulla, ya zauna a fili yana kuka kamar ƙaramin yaro, ƙasarsa gaba ɗaya tana kallo. Shekararsa 20. Wannan ma yana cikin shahara, sai dai dillali ba ya nuna shi a waya.

Inda ya samu kansa shi ne San Sebastian, garin Real Sociedad, a yankin Basque da ke arewacin Sifaniya, garin da bai kama ƙafar Kumasi a yawan jama'a ba. Kocinsu na lokacin, Imanol Alguacil, ya riƙa sa shi kusan kowane mako. Wasansa na farko ya ci Cadiz. A kakar ya ci ƙwallo 9 a La Liga, ƙungiyar ta ƙare ta huɗu, ta shiga gasar zakarun Turai karon farko cikin shekara 10. A Fabrairun 2024 ya tsawaita kwantiraginsa zuwa 2029. Wato daga shigarsa La Masia zuwa ranar da ya samu wurin zama a Turai, shekara 11 ne. Kuma wannan yaro ne da ya tafi ta ƙofar gaba, yana jin Sifaniyanci kamar ɗan gari, ƙasarsa tana da gasa mai ƙarfi da ta karɓe shi da ya dawo. Nawa ɗan in ya maƙale a can da bizar da ta ƙare, wa zai karɓe shi?

Na so in faɗa wa Abba duk wannan, amma uba da ɗan fari ba su saba doguwar magana ba. Ana nan sai labari ya zo cewa mutumin ya tafi da wani yaro daga wata unguwa, uban ya sayar da babur ɗinsa mai ƙafa uku ya biya. Yaron ya yi wata biyar a wani masauki a wata ƙasar Afirka yana jiran biza, ya dawo ko gwaji ɗaya bai yi ba. Na ɗauka wannan zai sauko da Abba. Da mahaifiyarsa ta ba shi labari sai ya ce, "Wannan ai bai iya ƙwallo ba." Na gane cewa a wurinsa ban cece shi ba, na dai nuna ban yarda da ƙafarsa ba ne.

Don haka a Janairun 2025 na rufe shago na kai shi gwajin wata makarantar horar da 'yan ƙwallo da ba ta karɓar ko sisi. Irin wannan hanya Mohammed Kudus ya bi. Daga Nima ya shiga makarantar Right to Dream a nan Ghana, ya yi karatu ya yi ƙwallo, bai buga wa Nordsjaelland ta Denmark wasan gasa ba sai da ya cika 18 a 2018, daga nan Ajax, daga nan Ingila. A wurin gwajin yara sun cika fili maƙil, daga Tamale, daga Wa, daga ƙauyukan da ban taɓa ji ba. Na ga bahagwai gajeru irin nawa sun fi goma. Abba ya yi ƙoƙari, amma ba a ɗauke shi ba. Wani daga cikin masu horarwar ya ja ni gefe ya ce yaron yana da ƙafa, sai dai yana riƙe ƙwallo fiye da kima, kamar mai jiran a ɗauke shi bidiyo.

A motar dawowa ya juya fuskarsa ga taga. Na ga kafaɗarsa tana rawa. Ban ce masa ai na faɗa maka ba, ban kuma ce masa kada ya damu ba. Na saya masa ruwan leda da gasasshiyar ayaba, na ɗora hannuna a gwiwarsa har muka shigo gari. Ni ma a lokacin na gane laifina. Shekara biyu ina jin ana kiran ɗana da sunan wani, ina dariya, har da saro riguna, ban taɓa zuwa bakin fili na tsaya na kalli yadda shi kansa yake wasa ba.

Ranar 20 ga Maris, 2025, muna cikin azumi, Japan ta doke Bahrain 2 da 0 a Saitama, ta zama ƙasa ta farko da ta samu gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026 ta hanyar wasannin share fage. Kubo ne ya ba Kamada ƙwallon farko, shi ya ci ta biyu dab da tashi. Bayan an sha ruwa ina zaune a tabarma da kofin koko, sai na ji mutum ya zauna kusa da ni. Ya miƙo waya ya ce, "Baba, ka gani." Muka kalla sau uku. Ban yabi wadda ya ci ba, na ce a mayar mini da ta farkon. Na ce, "Ka ga bai riƙe ba. Ya ɗaga kai ya ba wanda ya fi shi wuri." Abba ya yi murmushi ya ce, "Baba, yaushe ka fara sanin ƙwallo?" Wannan ce hirarmu ta farko cikin wata bakwai.

A daren muka yi yarjejeniya, mahaifiyarsa ce shaida. Zai ci gaba da makaranta, boko da allo. Zai ci gaba da buga wa ƙungiyar yaran unguwa, ni kuma zan riƙa zuwa kallo ranar Lahadi. Asabar da safe yana shago. Duk gwajin da ba a biyan kuɗi zan kai shi da kaina. In wani ya zo da maganar waje kafin ya cika 18, amsarmu albarka. In ya zo bayan nan, sai ya kawo wasiƙar ƙungiya, a bi ta hukuma, kuma mu ba za mu ba da ko sidi ɗaya ba, domin mai sayen kaya shi ke biya. Abba bai ji daɗin duka sharuɗɗan ba, har yanzu wani lokaci yakan ce da na bar shi da yanzu wani labari ake. Ina jin sa, ba na musu.

'Yan'uwana fatake da ke Accra da Lome da Kwatano da Yawunde da Njamena, na san irin wannan mutum yana zagaya zangonninku, domin ya san muna da ɗan jari a hannu, ya kuma san mu mutane ne da tafiya ba ta ba mu tsoro. In ya zo muku da sunan wani shahararren yaro, ku sa a karanta muku labarin yaron gaba ɗaya, har da shekarun benci da na aro. Ku tambayi shekarun ɗanku a takarda, ku tambayi wasiƙa, ku tambayi wa zai ɗauki nauyinsa in abin bai yiwu ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Da Ƙaramar Sallah ta matso, ƙungiyarsu ta yi sabbin riguna, kowane yaro aka ce ya faɗi abin da za a buga masa a baya. Na ɗauka na san amsar Abba. Sai ya zo shago ya ce in kai wa mai bugawa, sunansa na yanka yake so. Na tsaya gaban mai bugawa ya ce, "Wane suna?" Bakina ya ƙi buɗewa, sunan mahaifina ne. Sai da na karɓi biro na rubuta masa a bayan rasit. Yaran Aboabo dai har gobe Kubo suke kiransa, shi ma yana amsawa. Rigunan nan takwas kuma suna nan, duk mai so ya zo, zan yi masa ragi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare su a gida da waje, Ya sa albarka a abin da muke nema.